Kiran da Ban Amsa Ba a Kufan Fir'auna

Yaran gidan nan sun ishe ni da tambayar inda na samo ɗingishina. Wasu an gaya musu doki ne ya kayar da ni, wasu kuma wai harbin Bature ne. Duk ƙarya ce. Ni ban taɓa mallakar doki ba, Bature kuwa bai ma san ina duniya ba. A ƙasar Masar na samo shi, cikin wani rami, ina ganiyar ƙuruciyata. Amma sai na fara gaya muku yadda muke da Inna, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba.

Ni ne ɗan farinta. Inna Bafillatana ce daga wata ruga a bayan Saulawa, aka kawo ta Taba gidan mahaifina, wanda kowa ke kira Malam. Kun san kunyar ɗan fari, to ta Inna ta wuce ta kowa. Da aka yaye ni aka kai ni Malikanchi wurin gwaggona, ban dawo Taba ba sai da na iya riƙe garma. Sunana Lawal, amma tun ranar da aka raɗa shi bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Ko ɗan maƙwabta in ya ci wannan suna, "mai sunan wancan" take ce masa. In ta zuba mini tuwo sai ta dubi bango ta ce wani ya zo ya ɗauki kwanonsa tun kaji ba su riga shi ba. In kuwa ina nesa tana son in zo, sai ta ƙwanƙwasa munduwarta a jikin wata 'yar tasa da ba ta rabuwa da ita, biyu a jere, ta ɗan dakata, ta ƙara ɗaya. Kowa a gidan ya san wannan kiran nawa ne.

A gida wannan ba komai ba ne, ga mutane cike da tsakar gida masu isar da saƙo. A hanya ne abin ya zama aiki.

Mu uku muka kama hanyar gabas, zamanin Turawa, kafin babban yaƙin nan, lokacin da talaka ke zuwa Makka da ƙafarsa: Malam, da Inna, da ni mai ɗaukar kaya. Mun wuce Abashe kaɗan ciwon ciki ya kama Malam. A wani ƙauye ya rasu wanda har yau ban san sunansa ba, mutanen wurin suka taya ni haƙa kabari, Allah ya saka musu. Kafin ya cika ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kai ta, ka mayar da ita gida. Ba ta da kowa a gabas sai kai."

Shi ke nan, aka bar mutum biyu a duniya waɗanda ba sa iya duban idon juna. In muna tafiya ina gaba tana baya. In mun sauka ta yi magana da tukunya, ni in amsa wa itacen wuta. Ayarin da muke ciki har dariya suke mana, wani Bagobiri ya ce bai taɓa ganin tukunya mai yawan labari kamar ta Inna ba.

A ƙasar Sudan muka daɗe, muna tsinkar auduga a wajen Madani don haɗa guzuri. Can na tsinci Larabcin kasuwa, wanda ba ya kama da na littafi ko kaɗan. Inna kuwa ban da sallama ba ta ɗauki ko kalma ba, ta ce bakinta ya tsufa. A Sawakin wani mai jirgin ruwa ya cuce mu, ya sauke mu a wata gaɓa ya ce ga Jidda nan bayan tudu, ashe tafiyar kwanaki ce cikin ƙishi. Duk da haka Allah ya nufa, muka sauke farali. Rabin wasiyyar Malam ya cika, saura in mayar da ita gida.

A nan kwaɗayin karatu ya ja ni. Alhazan Masar sun cika mini kunne da labarin babban masallacinsu na Alkahira, inda malamai ke zaune kowa da ginshiƙinsa da ɗalibansa. Na ce wa butar Malam, wadda na gada, ina ganin mu bi ta Masar, in ɗan taɓa karatu, sannan mu gangaro gida ta bakin kogi. Inna ta ce wa tasarta wanda ya ga zai iya ai sai ya yi.

Alkahira ta ba ni tsoro. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba in ba a Arfa ba, ga motoci, ga wani ƙaramin jirgin ƙasa mai bin waya yana ratsa tsakiyar gari yana kaɗa ƙararrawa. Muka samu wani ɗan ɗaki a kan soron wani gida, sanyi kamar ya kashe mu. Inna ba ta sauka ko'ina. Na taɓa sayo mata rake don ta ji daɗi, ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce wa bango wannan ai ruwa ne, wanda bai sha raken fadamar Taba ba bai san rake ba. Daga nan ta juya baya, na ji tana jan hanci, na fita na ba ta wuri.

Kullum na sauka daga soron nan gabana faɗuwa yake. In zan tsallaka titi sai in ce, yanzu in motar nan ta kwashe ni, wa zai hau ya gaya mata? Ba ta jin harshensu, ba ta san hanya ba, ba ta san kowa ba. Abin da ya fi ci mini rai, ko cigiyata ba za ta iya ba, don cigiya sai da suna.

Ana haka muka haɗu da Alhaji Tanko. Bahaushe ne, ya ce shi mutumin Katsina ne, ko da yake wata rana na ji ya ce wa wani Babarbare shi ɗan Kukawa ne. Ya daɗe a Masar, yana sa kwat da jar dara kamar su, sana'arsa kai baƙi ziyara. Bakinsa kamar an shafa zuma. Ya hau har soronmu ya gaida Inna, Hajiya kaza Hajiya kaza, ya ce ai zunubi ne mutum ya zo Masar bai ga rumbunan da Annabin nan da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya ya tara hatsi ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya ce suna nan a bayan gari, tsaye har yau. Inna da ta ji an ambaci Annabi sai ta ɗauko mayafinta na Makka. Ya karɓi ladansa tun kafin mu sauka daga bene.

Da hantsi muka fita. Ya ce tun da hanya ɗaya ce, sai mun fara biyawa ta gidan da ake ajiye kayan mutanen da, wanda Masarawa ke kira Antikana. Wani ƙaton jan gini ne kusa da kogi. Mun ɗauka za mu ga irin su takubba da sirdi da tukwane. Muna shiga sai ga gumaka. Ba irin 'yan ƙananan da ake labarin Maguzawa na ajiyewa ba, a'a, duwatsu ne sassaƙaƙƙu, wani zaune ya fi rumbu tsawo, hannu a gwiwa, ido a buɗe. Wani jikin mutum kan kare, wani kan tsuntsu. Inna ta ja salati ta ja mayafi har hanci. Na ji an kama igiyar butar da na rataya a kafaɗa. Ita ce. Ba za ta kama rigata ba, sai dai igiyar buta, haka muka riƙa tafiya kamar makaho da ɗan jagora.

Turawa na ta yawo da matansu, suna leƙa kowane akwatin gilashi suna gyaɗa kai. Mu ma kallonmu suke, har na fara zaton ko sun ɗauka cikin kayan muke. Alhaji Tanko na gaba yana zuba, wannan sarki kaza ne, wannan matarsa ce, wancan wazirinsa. Ko gaskiya yake faɗi ko shirya abinsa yake, oho. Akwai wani dutse da na tsaya a gabansa, mace ce zaune da yaro a cinya, ta zagaye shi da hannu. Na saci kallon Inna, na ga ita ma shi take kallo. Da ta ga na gani sai ta kawar da kai ta ce wa Alhaji wurin nan warin jemage yake.

A bene ne abin ya ɓaci. Akwatunan gawa ne jere, an zana musu fuskoki da ido, ga zinariya kamar ba a san darajarta ba. A cikin wasu kuwa mutanen ne da kansu, a nannaɗe da tsumma, sun bushe sun yi baƙi. Na ga yatsun ƙafar wani a waje, har da farce. Mu da in mutum ya rasu da safe ba ya kai azahar a waje, ga bayin Allah an tone su an jera ana biyan kuɗi ana kallo. Inna ta jingina da bango. Wani mai gadi, dattijo mai furfura a gashin baki, ya tashi daga kujerarsa ya tura mata, ya ɗebo ruwa a wani ɗan tulu ya miƙa mata. Sai da ta sha ya dafa ƙirjinsa ya koma gefe ya tsaya.

Na tambayi Alhaji Tanko zanen da ke jikin akwatunan, tsuntsaye da macizai da idanu a jere. Ya ce rubutunsu ne, yawanci kuma sunayensu ne. Wai su a addininsu muddin ana kiran sunan mutum bai mutu ba, shi ya sa suka bi duwatsu suna rubutawa. Inna ta ce a'uzubillahi, mutanen da ba su san kunya ba ke nan. Sannan ta tambaye shi a ina aka tono su. Ya ce ai can inda za mu yanzu.

Nan ta ce a mayar da ita gida. Alhaji ya shiga lallashi, ya ce rumbunan daban, kaburburan daban, albarkar wurin ta fi ƙarfin komai, kuma an riga an biya. Ni ma, in faɗi gaskiya, ina son in ga rumbun da ya ci da ƙasa guda shekara bakwai. Da ta ga mun fi ta yawa sai ta miƙe. A bakin ƙofar gidan ta tsaya, ta dubi Alhaji, ta yi maganar da ba da shi take ba.

"Alhaji, a gaya wa wani, kufai za mu, kuma rana ta kusa tsaka. In ya ji an kira shi bai ga mai kiran ba, kada ya amsa. Ko muryar wa ya ji. Su aron murya suke yi."

Na san inda ta dosa. Tana da wa, Kawu Jaɓɓi, wanda ya bi shanu cikin wani kufai a bayan Saulawa da tsakar rana, ya ji muryar mahaifinsu ta kira shi, ya amsa. Mahaifin kuwa yana kasuwar Ikara a ranar. Tun daga nan Kawu bai sake zama daidai ba, a turun mahaukata ya ƙare. Da wannan labarin aka raine mu duka. Na ce wa buta an ji.

Jirgin nan mai bin waya ya kai mu har inda gonaki suka ƙare, rairayi ya fara. Tun daga nesa na hango rumbunan nan na Alhaji. Na taɓa ganin dalar gyaɗa a Kano na ɗauka na ga abu, ashe wasan yara na gani. Dutse kan dutse, kowane ɗaya ya kai ɗaki, har sama inda ido ke yaji. Na zagaya gefe guda ina neman bakin da ake zuba hatsi, ban gani ba. Wani mai raƙumi da ke jiran Turawa su hau, baƙin dattijo mai ido ɗaya, ya ga ina ta leƙe-leƙe ya tambaye ni abin da na ɓatar. Da na gaya masa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wane hatsi, kabarin Fir'aunoni ne. Na waiwaya in ga idon Alhaji Tanko, ya riga ya juya yana nuna wa Inna wani abu can daban. Ban fassara mata ba.

Azahar ta yi. Inna ta samu inuwar wani dutse ta zauna. Ni kuma fitsari ya matse ni, ga alwala. Da da wani nake tafe da na juya baya nan kusa na tsuguna. Amma a gaban Inna? Ko ta hango inda na nufa ban so ba. Na ɗauki buta na bi ta bayan dalar, inda wasu tsofaffin gine-gine suke jere, rabi a cikin rairayi, da lunguna tsakaninsu kamar unguwar da annoba ta share. Na shiga lungu na fita, na ga har yanzu ana iya hango kaina, na ƙara gaba. Na hau wani tudun ɓaraguzai ina duban baya. Ƙafata ta taka wani guntun katako da rairayi ya rufe, sai na ji babu ƙasa.

Da na farfaɗo ina kwance a kan rairayi, sama ta koma 'yar tabarma can bisa. Rami ne kamar rijiya, amma mai kusurwa huɗu, an sassaƙe shi cikin dutse sumul, babu wurin sa ƙafa. Na yunƙura in tashi, ƙafar hagu ta ce ba da ita ba. Na duba na ga ta juya inda ba a juyawa. A gefena kuma, a gindin ramin, ga wata 'yar ƙofa baƙa ƙirin, iska mai sanyi da wari na fitowa daga ciki. Ba sai an gaya mini ba, na san daga irin nan aka ciro mutanen da na gani da safe.

Na yi ihu. Na yi da Hausa, na yi da Larabci, na kira Alhaji Tanko har maƙogwarona ya yi zafi. Ba kowa. Zafin ƙafar bai dame ni kamar tunanin Inna ba. Ina ganinta a raina zaune a inuwar dutsen nan, ta haɗa gwiwa, tana jira. Rana za ta faɗi, Turawa su watse, masu raƙuma su tafi, ita tana nan. Ba ta san sunan unguwarmu ba. Ba za ta tambayi kowa ba, in ma ta tambaya me za ta ce? Na tuna hannun Malam a cikin nawa. Na ce wayyo Allah, na kai ta, ban mayar da ita ba, kuma kwaɗayina ne ya kawo mu.

Ina cikin haka na ji an ce, "Lawal."

Tsigar jikina ta tashi. Muryar mace ce, kuma ba daga sama na ji ta ba, ta cikin baƙar ƙofar nan ta fito, tana amsa kuwwa. Na kame bakina da hannu. Aka sake, da ƙarfi wannan karon, "Lawal! Lawali!" Muryar Inna ce sak, har da ɗan karyewar harshen nan nata na Fulani.

Na ce to, yau ga abin da ya ci Kawu Jaɓɓi ya zo kaina. Ban yi shakka ba ko ƙanƙani. Da muryar Alhaji Tanko aka ara, ko ta Malam ma da ke kabari, da wataƙila na ruɗe na amsa. Amma Inna? Matar da ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗi wannan suna ba? Na ja jikina na manne da bango nesa da ƙofar, na shiga karanto duk abin da na haddace na tsari, ina tofawa dama da hagu.

Muryar ba ta daina ba. Ta yi nisa, ta dawo kusa, ta koma ta wani gefen. Wani lokaci kamar a bisa kaina, wani lokaci daga ƙarƙashin ƙasa. Ta kira Lawal, ta kira Muhammadu Lawal cikakke yadda liman ya raɗa. Can sai ta fashe da kuka, ta koma Fulatanci tana cewa ɓingel am, wato ɗana, ɗan ƙaramina. Wallahi a nan har na ɗan ji sanyi a raina, na ce wannan aljani ya zaƙe, bai san Inna ba. Na toshe kunnuwana da yatsu na ci gaba da karatu, ina roƙon Allah ya kawar mini da wannan murya.

Na yi taimama na yi azahar a zaune. Hasken da ke jikin bangon ramin ya yi ta hawa sama yana barina. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, ruwan butar ya zube tun a faɗuwa, harshena ya bushe. Duk sanda na cire yatsa in saurara ko akwai mutane, sai in ji ta. Amma ta fara dishewa. Tun ana jin sunan duka, har ya koma kamar kukan ƙofa, har na daina jin komai. Na ce alhamdulillahi, addu'a ta ci. Na so in sake yin ihu, tsoro ya hana ni, kada abin ya ji ya dawo.

Shiru ya yi tsawo. Na fara tunanin yadda mutum ke mutuwa da ƙishi, don na gani a hanyar Jidda.

Sai na ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Biyu a jere. Aka dakata. Aka ƙara ɗaya.

Ban tsaya tunanin ko aljani na aron tasa ba. Jikina ne ya amsa, yadda ya saba tun ina saurayi a Taba. Na kwarma ihu na ce ga ni nan, na ɗauki butar Malam na yi ta maka ta a jikin dutse. Aka sake ƙwanƙwasawa, kusa. Na sake bugawa. Rairayi ya zubo mini a ka, na ɗaga ido, sai ga kan Inna a bakin ramin, babu mayafi, babu ɗankwali. Tun da nake ban taɓa ganin gashin kanta ba sai ran nan, ashe duk ya yi fari. Muka haɗa ido. Ta yi sauri ta kawar da fuska, ta ɗaga hannu tana yafuto wani.

Mai raƙumin nan ne mai ido ɗaya. Ya kwance igiyar sirdinsa, ya kira wasu 'yan'uwansa biyu, aka zuro mini na ɗaura a ƙirji, suka jawo ni ina salati. Ya ɗora ni a raƙuminsa, ya ja akala da kansa, Inna na biye a baya. A hanyar ne ya ba ni labari, yana yi yana girgiza kai.

Ya ce da aka daɗe ban dawo ba, Hajiya ta tashi ta shiga kai da kawowa. Mutumin nan mai jar dara ya leƙa lungu ɗaya ko biyu, da ya ji masu raƙuma na zancen a kira 'yan sanda sai ya ce bari ya nemo taimako, ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Aka bar ta ita kaɗai tana nuna lunguna da hannu, tana magana ba mai ji. Shi ne tausayi ya kama shi, ya bar Turawansa ya zo. Ya tambaye ta sunan yaron don su taya ta kira, ba ta gane ba. Ya dafa ƙirjinsa ya faɗi nasa sunan, ya nuna inda na bi. Ya ce nan ta gane, don sai ta rufe fuska da hannu biyu. Ta daɗe a haka, shi ya rasa abin da ya faɗa na laifi. Can ta faɗa a hankali, a cikin tafin hannunta. Shi kuma da ya ɗaga murya ya kira, bakinsa na Balarabe ya murɗe sunan ya koma wani abu daban. Sai ta ture shi gefe ta buɗe nata bakin.

Ya ce tun rana na tsaka take yi har inuwa ta yi tsawo. Lungu-lungu, rami-rami, tana durƙusawa tana kira a kowane baki. Mayafin ya faɗi ba ta waiwaya ba, takalmanta suka tsinke ta ci gaba da ƙafa. Ya rantse sun wuce ta kusa da ramina ba sau ɗaya ba. Da muryar ta ƙare ƙaf sai ta zauna a kan wani dutse, ya ɗauka ta haƙura. Sai ya ga ta zabura ta kwance ƙullinta ta ciro tasa.

Ya juyo da idonsa ɗaya ya dube ni ya ce, "Kai kuwa kurma ne, ko suma ka yi?"

Na ce suma na yi. Me zan ce masa? Na waiwaya daga kan raƙumin, na ga sawun Inna a rairayi da ɗigon jini. Kanta na ƙasa, ta yafa wani tsumman buhu da mai raƙumin ya ba ta. Kuka ya zo mini, na danne, don ba a yi a gabanta.

Wani maɗori a unguwarmu ya ɗaure ƙafar, ta kama a karkace, ga ta nan kuna gani. Watannin da na yi a kwance, Inna da ba ta sauka daga soro ita ce ta riƙa sauka tana soya ƙosai a bakin ƙofa, Masarawa na saye suna mamakin wake ya yi haka. Muryarta ta daɗe ba ta dawo ba, da ta dawo kuma ba ta koma kamar da ba, ta riƙa fita da ɗan gurgura har ƙarshen ranta. Karatu kuwa ban sake tayar da zancensa ba. Ina fara taka ƙafar muka kama hanyar kudu. Da rani muka shiga Taba, ana ta murzar rake, ta zauna a bakin fadama ta sha har ta gaji.

Ba mu taɓa zancen ranar nan ba. Ban sani ba ko ƙarewar murya ce ta sa ta ɗauko tasar, ko kuwa tuna gargaɗin da ta yi mini da bakinta ta yi. Ba abin tambaya ba ne. Ta koma magana da bango, na koma amsa wa buta, sunana bai sake fitowa daga bakinta ba. Sau ɗaya ke nan a duniya, tun azahar har yamma tana kirana, ni kuwa ina ƙasa da yatsu a kunne ina roƙon Allah ya sa ta yi shiru.

Ta yi tsawon rai, ta ga jikoki. Ranar da ciwonta ya tsananta, da hantsi, mata na ciki tare da ita, matata da ƙanwata, ni ina zaune a bakin ƙofa daga waje inda ya kamace ni. Na ji ta ce a miƙo mata tasarta. Aka miƙa. Ta ɗaga hannu, munduwar ta yi mata nauyi, hannun ya koma kan shimfiɗa ba ta buga ba. Can ta juya ta dubi bango ta ce, da 'yar muryar nan tata mai gurgura, "A gaya wa wancan, in an kira shi ya riƙa amsawa."

Matan suka dubi juna, sun ɗauka zafin ciwo ne. Na ɗaga asabari na sa kaina ciki.

Na ce, "Na'am, Inna. Ga ni."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, yadda ta saba in na shigo wuri. Ba ta sake buɗewa ba.